Caji a Kan Caji: Yadda Ribar Ƙananan 'Yan Kasuwar Jabi Ke Zurarewa

Da an idar da sallar Magariba, bakin tashar motar Jabi kan koma wata ƙaramar kasuwa. Masu tsire sun hura wuta, masu shayi sun jera burodi da gwangwanayen madara, mai lemo da kankana ya kunna 'yar fitilarsa, fasinjojin da suka nufi Kaduna da Kano suna neman abin taɓawa kafin mota ta cika. Tsakanin wannan tebur da wancan kuma, ƙarƙashin lema, ga saurayi ko budurwa riƙe da 'yar na'ura, jakar kuɗi rataye a ƙirji. Mai POS ke nan, wanda yanzu ya zama ma'ajin kowa a layin.

Wanda ya tsaya minti goma kusa da mai tsire zai ji tambaya ɗaya tana ta maimaituwa, tun kafin a kai ga maganar na nawa za a yanka: "Malam, kana karɓar tiransifa?" In yana karɓa, sai ya nuna lambar asusun da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali. In kuwa mai saye kati ya riƙo, sai a nuna masa lema: "Je ka wajen yaron can ka sa." Ya sa katin, an cire dubu biyar ta nama, an ɗora ɗari ta caji. Wani ya biya bai ce uffan ba. Wani ya ɓata rai, sai mai tsire ya ce a bar masa cajin, ko ya ƙara yanka ɗaya don a rabu lafiya.

Dare ya raba, mai tsire ya karɓi cinikinsa a hannun yaron. Da safe ya kai wani kaso wajen wani mai POS ɗin a tura wa iyali can gida, an sake caji. Abin da ya shigo ta tiransifa kuma dole ya koma takarda kafin a je mahauta, an sake caji. Naira ɗaya ce take ta sauya riga, daga kati zuwa takarda, daga takarda zuwa asusu, daga asusu ta koma takarda, kuma a kowace ƙofa sai ta bar wani abu.

Abin da ƙa'ida ta yarda a cire wa ɗan kasuwa in an biya shi da kati a Najeriya bai taka kara ya karya ba: naira biyar ce a kan kowace dubu. Amma da wuya a sami ƙaramin ɗan kasuwa a Jabi da asararsa ta tsaya a nan, kuma da yawansu ba su san nawa take kaiwa a wata ba, domin ba a taɓa cire ta a dunƙule. Hamsin ce nan, ɗari can, shida a kan kowane alat.

Daga takardar Babban Banki zuwa kwalin mai shayi

Tsarin rage hulɗa da tsabar kuɗi ya faro ne a Legas a watan Janairun 2012, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Bankin Najeriya. A Yulin 2013 aka faɗaɗa shi zuwa Abuja da Kano da wasu jihohi kaɗan. A wancan zamanin, ɗan kasuwar da banki ya ba na'urar POS ana cire masa kashi 1.25 cikin ɗari na kowane ciniki, kada ya wuce naira 2,000, kuma kuɗin sai washegari yake shiga asusunsa, in an yi sa'a ba ƙarshen mako ba ne. Shi ya sa na'urori da yawa suka ƙare a cikin durowa. Mai saye ya miƙo kati, a ce masa babu sabis.

An rage cajin zuwa kashi 0.75 a 2014, sannan a 2019 aka sake saukar da shi zuwa kashi 0.5, da iyakar naira 1,000. Duk da haka kati bai fita daga manyan shaguna ba. A Jabi Lake Mall, katafaren kantin nan da aka buɗe a bakin tafki a 2015, biya da kati ya zama ruwan dare tun farko. 'Yar tafiya kaɗan daga nan, a Jabi Masallaci da lungunan Ɗakibiyu, takarda ce ke mulki.

Kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya ne suka fara fasa wannan katanga. OPay da ya shigo a 2018, PalmPay a 2019, da kuma Moniepoint, sun watsa na'urori masu araha, suka yi abin da bankuna suka daɗe suna jan ƙafa a kai: kuɗi ya faɗa asusun ɗan kasuwa nan take.

Sauyin fasalin naira ya ƙarasa aikin. A Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da canza takardun naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa Fabrairun 2023 an kwashe tsofaffi, sababbi ba su wadata ba, na'urorin ATM sun bushe. Aka koma sayen naira da naira, har a wasu wurare mutum ya biya dubu biyu ko fiye don ya karɓi dubu gomarsa, ana ta kai wa malamai tambaya ko wannan bai shiga kuɗin ruwa ba. Ranar 3 ga Maris, 2023, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Kafin nan mai shayi ya riga ya buɗe asusu, mai wankin takalmi ma ya haddace lambarsa. Takardu sun dawo, amma kwalin bai sauka daga jikin tebur ba.

Sai dai an shiga tsarin ne da gudu, kamar wanda ruwa ya koro cikin zauren da bai sani ba. Ba wanda ya zauna karatun sharuɗɗa. Duk wanda ya fara zuwa da na'ura a makonnin nan na wahala shi aka karɓa, kuma mutane da yawa har yau suna kan abin da suka tarar a lokacin.

Baki biyar a kan naira biyar

In mai saye ya zura kati ya danna lambobinsa huɗu, saƙon yakan bi ta hannu da dama cikin 'yan daƙiƙoƙi. Akwai bankin da ya ba shi katin, da wanda ke karɓa a madadin ɗan kasuwa, da kamfanin da ya mallaki na'urar, da mai haɗa layi tsakanin bankuna irin su Interswitch, sai NIBSS, wanda bankuna da Babban Banki suka mallaka tare. Naira biyar ɗin nan su ke raba ta, bankunan biyu suna ɗaukar kaso mafi tsoka. Gwamnati kuma tana da harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake lissafawa a kan cajin, ba a kan cinikin ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna cajin da ciniki maimakon a auna shi da riba. A ɗauki mai kayan masarufi da ya sayar da kayan naira 50,000, ribarsa a ciki 2,000, aka cire masa 250. A ido ba komai ba ne. A lissafi kuwa, kashi ɗaya cikin takwas na ribarsa ne ya tafi. Tela ko mai aski, wanda mafi yawan abin da ya karɓa ladan hannunsa ne, ba zai ji zafin haka ba. Masu buhunan shinkafa da siminti da katan-katan na lemo, waɗanda ke juya kuɗi mai yawa a kan riba 'yar ƙarama, su abin ke yi wa illa, kuma su ya kamata su fi kowa tambayar wane irin tsari na'urarsu ke bi.

Domin tsarin ba ɗaya ba ne. Wanda ke kan ƙa'idar banki ta 2019 zalla, kashi 0.5 zai yi ta biya har sai ciniki ya kai naira 200,000, inda iyakar dubu ɗaya ta tsaya. Yawancin kamfanonin waya kuwa sun saba cire kashi 0.5 ɗin har zuwa kusan naira 20,000, daga nan sai ya koma wajen naira ɗari komai yawan kuɗin. Ƙasa da dubu ashirin, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sama da haka ne tazara ke buɗewa: cinikin naira 150,000 zai ci 750 a wannan, ya ci 100 a wancan. Mai sayar da wayoyi ko tayoyi da ke yin irin wannan ciniki sau goma a yini, bambancin da ke tsakanin na'ura biyu da ke kan teburinsa ya kai naira 6,500, kuma yaron shago ne ke yanke hukuncin wadda za a miƙa wa mai saye, yawanci wadda ta fi kusa da hannunsa.

Haka nan, a tsarin naira ɗarin nan, yaron da ya raba cinikin 60,000 gida uku don tsoron kada sabis ya riƙe babban kuɗi, ya mayar da cajin ɗari ya koma ɗari uku. Farashin kamfanoni yakan sauya, wasu bankunan ma sukan sassauta wa mai ciniki mai kauri in ya taka ya nema. Wanda bai taka ba, ba a biyo shi shago da rangwame.

Lemar maƙwabci

Amma duk wannan wasa ne in aka kwatanta da abin da mara na'ura ke biya. A Abuja an saba da kusan naira ɗari a kan dubu biyar, ɗari biyu a kan dubu goma, ya kuma haura in tsabar kuɗi ta yi wuya, kamar gab da Sallah ko ƙarshen shekara. Wato naira ashirin a kan kowace dubu, ninki huɗu na cajin kati.

A ce mai tsire yana tura cinikin naira 80,000 kowane dare ta lemar maƙwabcinsa. Caji ya tashi 1,600. A kwana 26, ya kama naira 41,600. Da na'urarsa ce, 400 za a cire a dare, 10,400 a wata. Tazarar ta haura dubu talatin, kuɗin da a wata ɗaya ko biyu zai iya biyan abin da kamfanoni ke nema kafin su ba da na'ura. Za a ce ai mai saye ne ke biyan cajin lema. Haka ne a baki. Amma mai sayen da ya ware dubu biyar don nama, in ya san ɗari za ta tafi a caji, gobe na dubu huɗu da ɗari biyar zai ce a yanka, ko ya wuce teburin gaba inda ba a cajinsa.

Shi ma mai POS yana da tasa hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Daga ɗari biyun da ya karɓa a kan dubu goma, kamfani ya riga ya ɗauki hamsin. Yana sayen data da takardar risit, yana biyan cajin batir da tikitin wurin zama, yana ɗauke da haɗarin ɓarawo da jabun kuɗi. Uwa uba, ita kanta tsabar kuɗin nemo ta yake yi, sau da yawa da ɗan abin goro a sama, a gidajen mai ko wajen 'yan kasuwa. Hukumomi kuma ba su bar shi ya sarara ba. A 2024 hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta ba masu POS wa'adin yin rajista, wanda aka ɗaga daga Yuli zuwa Satumba. A Disambar shekarar Babban Banki ya ƙayyade cewa kada wakili ya ba mutum ɗaya fiye da naira 100,000 a rana, shi kuma kada jimillar abin da ya fitar ta wuce miliyan 1.2. Tun a 2023 ma, da reshen Legas na ƙungiyarsu, AMMBAN, ya fito da jadawalin farashi na bai-ɗaya, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta taka masa birki, ta ce haɗa baki a kan farashi ya saɓa doka.

A cikin kukan mai POS ɗin nan akwai abin da ya kamata ɗan kasuwa ya tsinta. In tsabar kuɗi haja ce da ake nema har ana saye, to mai shayin da ya tashi da dubu talatin a aljihu shi ne mai haja. Bai kamata ya biya don a karɓe ta ba. Masu wayo a layi sun daɗe da gane haka: su miƙa wa mai lema takardunsu da daddare, shi kuma ya tura musu daidai adadin cikin asusu, ba caji. Kowa ya huta, wannan ya sami abin aikin safe, wancan bai kwana da kuɗi ba. Wanda har yanzu ke biyan ɗari biyu don a saka masa dubu goma, kyauta yake bayarwa har da tukuici.

Ga mai buƙatar takarda kuma, tun Maris ɗin 2025 cirewa a ATM na bankin da ba naka ba naira ɗari ce a kan kowace dubu ashirin in na'urar tana harabar banki, na bankinka kuwa kyauta ne. Ya fi lema sauƙi nesa ba kusa ba, in an dace akwai kuɗi a ciki, in kuma mai shago zai iya barin shagonsa ya bi layi.

Mallakar na'ura ma da nata ƙaidin. Wasu kamfanoni suna gindaya adadin cinikin da za a riƙa yi, in an gaza su karɓe abarsu. Babban Banki ya ce a raba aikin wakilci da na sayar da kaya, don haka mai shagon da ke ba maƙwabta kuɗi da na'urar cinikinsa yana wasa da asusunsa. A Agustan 2025 kuma ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, kada ta yi aiki nesa da shi fiye da kusan mita goma. Ga mai kanti wannan ba komai ba ne. Ga mai tallan da ke bakin tasha ranar aiki, ya koma bakin tafki Asabar da Lahadi inda masu shan iska suke, tambaya ce babba.

Naira hamsin mai yawan suna

A 2016 aka fara cire naira 50 da sunan harajin kan sarki a kan kuɗin da ya shiga asusu daga dubu ɗaya zuwa sama. A 2019, da aka ce a riƙa lissafa shi a kan kowane cinikin POS ɗaya-ɗaya, gidajen mai da manyan shaguna suka juye shi kan masu saye, sai da FCCPC da Babban Banki suka fito a ƙarshen shekarar suka ce ba mai saye ne zai biya ba. Daga baya aka ɗaga mafarinsa zuwa naira 10,000, aka raɗa masa sabon suna, harajin tura kuɗi ta na'ura. Ba cinya ba, ƙafar baya. Masu asusun kamfanonin waya sun daɗe suna shan iska, sai a Disambar 2024 ya cim musu. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 kuma ta mayar masa da tsohon sunansa, ta ɗora shi kan mai turawa daga Janairun 2026.

Ɗan kasuwa ya huta ta ɓangaren karɓar tiransifa ke nan, amma shi ma mai turawa ne duk lokacin da zai saro kaya. A jadawalin cajin da Babban Banki ya fitar na 2020, tura kuɗi zuwa wani banki naira 10 ce har zuwa dubu biyar, 25 har zuwa dubu hamsin, 50 sama da haka, ban da VAT. Mai shagon da ya tura wa dilansa na kasuwar Utako ko na Singa a Kano dubu ashirin-ashirin sau biyar a mako, zai biya kusan naira 385. Da ya tara ya tura dubu ɗari lokaci guda, kusan 104 ce.

Wannan harajin ne ya haifi shahararriyar lambar nan, 9,999, wato a tura abin da bai kai dubu goma ba don a kauce masa. Dabarar tana aiki a inda turawa kyauta ce. A banki kuwa sai a yi hattara: a jadawalin nan na 2020, wanda ya raba dubu goma sha biyar gida biyu ya tsira da kusan naira 23, wanda ya raba dubu talatin gida huɗu ya biya 108 don gudun 77. An gudu ba a tsira ba.

Jama'a sukan yi nasara wani lokaci. Harajin tsaron intanet na kashi 0.5 da aka sanar a Mayun 2024 bai kai ga fara aiki ba aka dakatar da shi saboda ƙorafi. A Gana, harajin tura kuɗi ta waya da aka kawo a 2022 an soke shi gaba ɗaya a 2025.

Ƙananan ramuka

Akwai kuma abin da ke zuba a cikin asusun kansa. Asusun kasuwanci na banki yana da kuɗin kula da shi, wanda a jadawalin 2020 bai wuce naira ɗaya a kan kowace dubu da mai asusu ya fitar ba. Wanda ya fitar da miliyan uku a wata, dubu uku ke nan, ban da VAT. Ƙa'idar ta ce ana iya sasantawa a kansa, kalmar da ba kowane mai asusu aka karanta wa ba.

Alat na saƙon waya ya tashi daga naira 4 zuwa 6 a 2025, bayan ƙarin kuɗin kira da data. Mai abincin da ke samun alat arba'in a yini tana biyan 240, wato 7,200 a wata, don a faɗa mata abin da manhajar bankin ke nunawa kyauta. Ana iya rufe shi a koma manhaja da imel, bayan sa hannu a takardar ɗaukar alhaki. Mutane suna jin tsoron rabuwa da ƙarar alat, alhali ta saƙon wayar ne ma masu alat na bogi suka fi shigowa.

Sai tarin asusu. Tun zamanin ƙarancin kuɗi, mutum ɗaya sai ya riƙe huɗu ko biyar, kowanne da katinsa da cajinsa, da yamma kuma ya yi ta kwaso kuɗi daga wannan zuwa wancan yana biyan kuɗin hanya. Biyu suna da amfani, saboda ranar da sabis ɗin ɗaya ya ɗauke. Na uku zuwa sama yawanci tarihi ne kawai.

Shagon da ke cikin waya

A gidajen Jabi da Life Camp da Kado akwai wata kasuwar da ba ta da tebur: mata masu turaren wuta da atamfa da leshi da abincin biki, waɗanda shagonsu Instagram ne da WhatsApp. Wadda ta zaɓi karɓar kati ta intanet tana biyan fiye da mai na'ura. Farashin da Paystack ya daɗe yana wallafawa shi ne kashi 1.5 da ƙarin naira 100, kada ya wuce 2,000, katin ƙasar waje kuma kashi 3.9 da naira 100. Odar dubu ashirin za ta ci 400.

Ba asara ba ce ga wadda ke da oda ɗari a mako, domin tsarin yana tabbatar mata da biya ba sai ta bi hoton risit ɗaya bayan ɗaya ba, kuma shi ne ƙofar 'yar'uwar da ke Landan ko Jidda da ke son saya wa gida kaya. Ga mai oda biyar daga mutanen da ta sani, tiransifa ta wadatar.

A ɗora wa mai saye?

Hanya mafi sauƙi, kuma wadda aka fi bi, ita ce kashin dankali: banki ya danne ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya danne mai saye. "In da kati ne, ƙara ɗari." Ƙa'idojin Babban Banki kuwa, tun na 2011, sun hana ɗan kasuwa ya sa wa mai biya da kati farashi dabam ko ya ɗora masa ƙari. Mai lema sana'arsa ce ba da kuɗi, cajinsa ladan aikinsa ne. Mai shagon da ya sayar da sabulu ba haka yake ba.

Masu shaguna suna cewa hayar Abuja da kuɗin wuta da man janareta sun riga sun cinye su, ba su ga dalilin ɗaukar nauyin sauƙin da mai saye ya zaɓar wa kansa ba. Amma sauƙin ba na mai saye kaɗai ba ne. Wanda aka biya ta kati bai nemi canji ba, bai karɓi jabu ba, yaron shago bai sami abin zarewa ba, kuma mai saye da kati yakan ɗauki abin da bai yi niyya ba tunda ba ya ganin aljihunsa na ramewa. Manyan kantunan da ke bakin tafki ba sa ƙara ko kwabo a kan kati. Sun saka cajin a cikin farashi tun daga lissafin farko, kamar kuɗin leda.

In aka leƙa waje, Najeriya ba ta cikin masu tsada. A Amurka ɗan kasuwa kan bar kashi biyu zuwa uku a cinikin katin bashi. Tarayyar Turai ta ƙayyade kason bankin mai kati a 2015, kashi 0.2 ga katin cirar kuɗi da 0.3 ga na bashi. Indiya ce ta yi nisa, inda tun 2020 ta soke cajin 'yan kasuwa a tsarinta na UPI da katin cirar kuɗi na RuPay. Najeriya ma ta fito da nata katin na gida, AfriGO, a Janairun 2023, da fatan rage abin da ake biyan kamfanonin katin waje da dala.

An cire, bai shigo ba

Cajin da ya fi ciwo shi ne wanda babu shi a kowane jadawali. Na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba, wayar mai saye ta ce an cire. Ga kaya a leda, ga layi a baya, ga rantsuwa. Tun Yunin 2020 Babban Banki ya ce a warware irin wannan rikici na POS cikin awa 72, kuma bankin mai katin ne wurin kai kuka. In banki ya yi mako biyu bai warware ba, ana iya ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Ɗan kasuwar da ya saki kaya saboda kunya ko tausayi kafin ya ga kuɗi a asusunsa, in abin ya zo da tsautsayi, ya biya cajin wata uku a ciniki ɗaya. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa jefar da risit ɗin da ya ce an ƙi, sukan soke shi a ƙusa tare da sauran.

Duk wanda ya toshe waɗannan ramuka zai tarar da saura ɗaya da ba a hannunsa yake ba. Mai saye ya biya mai tsire ta waya. Mai tsire zai iya biyan mahauci ta waya, in mahaucin ya yarda. Mahauci ya nufi karar Dei-Dei, dillali ma wataƙila ya karɓa. Amma can ƙarshen igiyar akwai makiyayin da ya koro sa daga rugar da ko kira ba ya shiga, kuma shi takarda yake so ya ƙirga da yatsunsa. Sa mai kyau yanzu ya haura rabin miliyan, ƙa'ida kuma tun 2023 ta ce mutum ɗaya naira 500,000 zai cira a mako, abin da ya ɗara haka a biya kashi 3 cikin ɗari a kansa. Asusun kamfani mai rajista yana da damar miliyan biyar. Mahaucin da ke harka da asusun sunansa, in ya ciri dubu ɗari takwas, ya bar dubu tara a kan kanta, ko ya bi lema-lema yana tattarawa dubu ɗari-ɗari. Yawanci lemar yake bi, tun da sassafe, kafin masu motocin Kano su kwashe abin da yaran suka kwana da shi.